Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa

Yau za mu yi magana a kan wani irin ciwon daji na fata wanda likitoci ke kira melanoma. Yakan taso daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Ga baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, ko diddige, ko ƙarƙashin farce.

Kai manomi ka san halin ciyawa: in ka sare ganye ka bar saiwa, da ruwa ya zuba sai ta dawo. To, likitoci sun daɗe suna zaton wannan ciwo ma yana da saiwa, watau waɗansu ƙwayoyi kaɗan da ke haifar da sauran.

Yaya ake gane su? Kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa da lamba. Kowace ƙwaya tana da alamomi a bayanta. Akan yanko ƙarin, a wawware ƙwayoyinsa, a zuba musu wani rini mai ƙyalli wanda ba ya kama kowa sai mai alamar da ake nema. Sa'an nan na'ura ta ware su ɗaya ɗaya, a dasa wa ɓeraye marasa garkuwar jiki, a ga waɗanda za su tsiro.

A 2008 masu bincike a Boston, ƙasar Amurka, suka ce alamar ita ce ABCB5. A 2010 na Jami'ar Stanford suka ce CD271 ce. Amma a 2008 ɗin nan na Jami'ar Michigan suka dasa ƙwayoyi ba tare da zaɓe ba, sai suka ga wajen ɗaya cikin huɗu tana iya tsirar da sabon ƙari. Ashe saiwar tana da yawa.

Darasinka ke nan: ɗan abin da aka bari yana iya komo da ciwon. Saboda haka kada ka bar wanzami ya tsaga tabon, kada a yi masa sakiya. Ka riƙa duba tafin ƙafarka in ka wanke. In ka ga baƙin tabo yana faɗaɗa, ko yana jini, ko ya zama gyambo ya ƙi warkewa, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, maza ka nuna wa malamin asibiti, ya aike ka babban asibiti. In aka cire shi duka tun yana ƙarami, galibi akan warke.

Allah ya ba mu lafiya.