Kwatanta Hausa da Fulatanci a Ƙaraye da Rogo

Hausa da Fulatanci su ne manyan harsunan gida da ake ji a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano. Ƙananan hukumomin biyu su ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye a dokar da aka yi a shekarar 2024, kuma Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da fada, shi kuwa Fulatanci, wanda masu shi ke kira Fulfulde, an fi jin sa a rugage da mashekarin makiyaya. Duk da daɗewar zaman tare da auratayya, harsunan biyu ba dangin juna ba ne. Kamannin da ke tsakaninsu cuɗanya ce ta kawo su.

Asali

A rabe-raben harsunan Afirka da Joseph Greenberg ya fitar a 1963, Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshen babban gidan Afro-Asiya, inda ta haɗa kaka da Larabci da Amharik da harshen Buzaye. Fulatanci yana cikin gidan Neja-Kwango, kuma makusantansa su ne Serer da Wolof na ƙasar Senegal. A wannan gida ne harsunan Bantu suke, har da Swahili da Zulu. Ke nan ta fuskar asali, Fulatancin da ake yi a Rogo ya fi kusa da Zulu na Afirka ta Kudu a kan Hausar da ke maƙwabtaka da shi.

Tsarin sauti

Harsunan biyu suna da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, kuma dukansu suna da baƙaƙen ɓ da ɗ da 'y. Hausa tana da ƙ da ts, waɗanda babu su a Fulatanci. Shi kuma Fulatanci yakan fara kalma da mb ko nd ko ng ko nj, kamar a ndiyam, wato ruwa, abin da ba a saba ji a Hausa ba.

Babban bambanci shi ne karin sauti. A Hausa hawa da saukar murya na canza ma'ana: kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Fulatanci ba ya amfani da karin sauti ta wannan hanya, kuma a nan ya saɓa wa yawancin danginsa, har da Zulu.

Jinsi da azuzuwan suna

Hausa tana raba suna tilo gida biyu, namiji da tamata. Shi ya sa ake cewa yaro ya zo, yarinya ta zo. Fulatanci bai san wannan rabo ba. Wakilin suna o ya wadatar ga namiji da mace, kuma wannan ne dalilin da ya sa Bafulatanin da ya koyi Hausa da girma yakan musanya ya da ta.

A maimakon jinsi, Fulatanci yana da azuzuwan suna sama da 20. D. W. Arnott ya yi cikakken bayaninsu a littafinsa na 1970 a kan Fulatancin Gombe. Kowane aji yana da ɗafa-ƙeyarsa da wakilin sunansa: nagge, saniya, tana ajin nge, puccu, doki, yana ajin ngu, kosam, nono, da ndiyam suna ajin ɗam na abubuwa masu ruwa. Zulu ma yana da irin wannan tsari, sai dai shi da ɗafa-goshi yake nuna aji: umuntu mutum ne, abantu mutane.

Haka kuma baƙin farko na kalma yakan sauya tsakanin tilo da jam'i: Pullo ya koma Fulɓe, gorko, namiji, ya koma worɓe, debbo, mace, ta koma rewɓe. Kalmomin Kaɗo da Haɓe da suka shigo Hausa tilo da jam'in kalma ɗaya ne a wannan tsari.

Ginin jimla

Dukansu suna jera aikau, sannan aikatau, sannan karɓau. Amma Fulatanci yana raba mu gida biyu: enen idan har da wanda ake yi wa magana, minen idan ban da shi. Aikatau ɗinsa kuma yana da fuska uku: lootugo wankewa, lootaago wanke kai, looteego a wanke mutum. Hausa tana bi ta wata hanya, ta sauya wasalin ƙarshe da karin sauti, kamar a saya, saye, sayo, sayar da sayu.

Aron kalmomi

Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, sarautar Kano da ta garuruwanta da dama ta koma hannun Fulani. Kalmomin zumunta irin su kawu da baffa da goggo, da na sarauta da kiwo irin su arɗo da burtali, daga Fulatanci Hausa ta samo su. Fulatancin Nijeriya shi ma ya ari kalmomi masu yawa daga Hausa, har da ƙananan kalmomin haɗa zance kamar sey, daga sai. An daɗe ana rubuta harsunan biyu da ajami, kuma Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Halin da ake ciki

Fulanin gida a ƙasar Kano sun daɗe da komawa Hausa, kuma da yawansu ba sa jin Fulatanci ko kaɗan. A rugage kuwa yara kan tashi da harshe biyu, amma Hausa ce suke buƙata a kasuwa da makaranta da asibiti, alhali Bahaushen da ke sayen nono a wurinsu ba ya buƙatar koyon nasu. Idan iyali suka bar kiwo suka zauna a gari, jikoki kan tashi da Hausa kaɗai.

An ga makamancin haka a lardin Natal na Afirka ta Kudu, ƙasar Zulu. Daga 1860 zuwa 1911 Turawan Ingila sun kai leburori daga Indiya gonakin rake, cikinsu har da masu magana da Bhojpuri daga Bihar da gabashin Uttar Pradesh. Masanin harshe Rajend Mesthrie ya nuna yadda jikokinsu suka koma Turanci, alhali a Indiya masu Bhojpuri sun kai kusan miliyan 50 a ƙidayar 2011. Wannan ya nuna harshe kan iya ɓacewa a wani yanki ko da yana da miliyoyin masu magana a wani wuri.

A Nijeriya an kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, kuma cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a Kano ta daɗe tana aiki a kan Hausa da Fulatanci da Barbarci.