Injin Jirgin da Ba Ya Shan Ruwa

Mai sauraro, in kana Nima ko Mamobi, filin jirgin Ankara maƙwabcinka ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan jiragen DC-3 ke tashi, su yada zango a Kano da Maiduguri, su wuce Khartum. To, wane inji ne ya jure wannan zafi?

Sunansa Twin Wasp, na kamfanin Pratt & Whitney a Amurka. Ba a jera silindojinsa a layi irin na mota ba. An zagaya su ne kamar wayoyin ƙafar keke, bakwai gaba, bakwai baya, duk suna juya ƙarfe guda mai riƙe da farfela. Hikimar ita ce iska ta riƙa bugun kowace silinda tana sanyaya ta. Babu lagireto, balle ya huje ruwa ya tsiyaye a tsakiyar daji. Makiyayi ya san darajar dabbar da ke jure ƙishirwa.

Dubi haƙarƙarin injin babur ɗinka, dabarar ɗaya ce. In laka ta toshe su, inji zai ɗau zafi. Ka wanke su kafin ka kama hanyar boda. Allah ya kiyaye hanya.