Jinyar Mahaifi Mai Ciwon Daji: A Wuyan Wa Nauyin Kuɗin Magani Yake?

Ciwon daji, wanda ake kira sankara, cuta ce mai doguwar jinya. Bayan gwaje-gwaje da tiyata, maras lafiya kan buƙaci allurai masu tsada zagaye bayan zagaye, ko kuma gashi da na'ura, wanda asibitoci ƙalilan ne ke yin sa, kamar Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ga kuma kuɗin mota da masauki. Sau da yawa ɗa guda ne ke sayar da gona ko fili, sauran 'yan'uwa kuwa su tsaya ga addu'a, har zumunci ya yi rauni.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari kara zube ba. Aya ta 23 da ta 24 na Suratul Isra'i sun yi umarni da kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya riske su. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne daga dukiyar ɗa, kuma Ibnu Abi Zaid ya tabbatar da haka a Risala. Shehu Halil a Mukhtasar ya kawo zantuka uku game da rabon nauyin tsakanin 'ya'ya: bisa adadin kawuna, ko bisa kason gado, ko gwargwadon wadata. Na ƙarshen ne malaman Malikiyya da dama suka rinjayar. Ke nan 'ya mace mai hali ba ta kuɓuta ba, haka ma ɗan da ke zaune nesa.

To, shin magani na cikin wannan ciyarwa? A zamanta na bakwai a Jidda, shekarar 1992, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar cewa neman magani yakan zama wajibi idan barin sa zai kai ga halaka. Saboda haka malaman zamani da yawa suka sanya magani na larura a sahun abinci da sutura.

Idan ƙarfin 'ya'ya ya ƙare fa? Jumhur sun hana ɗa bai wa mahaifinsa zakkarsa, domin ciyarwar tana wuyansa tun asali. Amma ɗan da ya ci bashi saboda jinya, ya kuma kasa biya, ya shiga cikin mabarta da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, don haka ya halatta a ba shi zakka. Karɓarta ba abin kunya ba ne.

Abin da ya dace shi ne iyali su zauna tun ranar da likita ya bayyana cutar, su yanka wa kowa kasonsa gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ya bar sana'arsa ya kwana a asibiti, a lissafa hidimarsa a matsayin nasa kason. Allah ne Mafi sani.