Fiffiken da ke Karyewa da Wanda Ba Ya Karyewa

Matashin da ya samu kwamfuta da intanet, ko a Birnin Kudu yake ko a Kwandiko, ya shiga wasan War Thunder da kamfanin Gaijin ya buɗe wa jama'a a 2012, zai tarar da hanya fiye da ɗaya ta tuƙa jirgin jefa bama-bamai. A salon da suke kira Arcade, ka sulalo da jirginka ƙasa-ƙasa da duk gudun da ka ga dama, ka fizgo shi sama, fiffike ba zai ce uffan ba. A salon Realistic kuwa, da zarar ka wuce gona da iri, fiffiken zai ɓalle, kana ji kana gani.

Salo na biyu ya fi kusa da abin da injiniyoyi suka sani. Jirgin da ya karkata digiri 60 yana kwana ba tare da ya sauka ba, fukafukansa na ɗauke da ninki biyu na nauyinsa. Jirgin farauta irin F-16 an ƙera shi ya jure ninki tara, na fasinja kuwa ninki biyu da rabi, kuma manyan jiragen bama-bamai sun fi kusa da na fasinja. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk ƙarfen da aka ƙara wa fiffike, an rage bam ko mai. Direban da ya yi wa motarsa lodin riɗi zuwa kasuwar Sara ya san ramin da ya tsallake jiya fayau ba kaya, yau shi zai karya masa sifirin.

Tarihi ma ya shaida. A watan Fabrairun 1964, fiffiken wani jirgi ƙirar B-26 Invader ya ɓalle a sansanin Eglin da ke Fulorida yayin da yake fitowa daga sulalowa, har sojojin saman Amurka suka dakatar da ire-irensa. Irin wannan jirgi ne Biyafara ta yi amfani da shi a 1967. A Janairun 1963 kuwa, iska mai ƙarfi ta cire wutsiyar wani B-52 a jihar Maine, mutum bakwai cikin tara suka rasu. Babu harsashi ko ɗaya a ciki.

Amma kada a yi wa salon Arcade rashin adalci. Wanda ya sayi data da guminsa, wuta kuma ba tabbas, ba ya son ya ɓata minti goma yana hawa sama, sannan ɗan tsaikon sabis ya sa ya fizgi sanda fiye da kima, jirgi ya watse tun bai ga abokin gaba ba. Ga sabon shiga, wannan salon ne ke ba shi damar koyon saiti da karatun fili ba tare da zuciyarsa ta karaya ba.

Sai dai sauƙin yana da farashi. Idan fiffike ba ya karyewa, jirgin bama-bamai ya zama ƙaton jirgin farauta kawai, kowa na ta kansa. Inda akwai iyaka, dole matuƙi ya tsara hanyarsa tun kafin ya tashi, ya yi kwana a hankali, ya bi jerin 'yan uwansa don bindigoginsu su kare juna, ya kuma jira 'yan rakiya. Darasin jiran 'yan rakiyar nan ne ayarin jiragen B-17 suka koya a sararin Jamus a 1943, bayan asarar jirage 60 a harin Schweinfurt na watan Oktoba.

Don haka a ganina, a fara da Arcade har hannu ya faɗa, amma kada a zauna a nan. Wanda yake son ya san dalilin da ya sa matuƙin babban jirgi ya fi buƙatar haƙuri da abokan tafiya fiye da saurin hannu, sai ya koma inda ƙarfe ke da iyaka.