Gawo Da Maƙwabtansa

'Yan'uwa masu sauraro, ku dubi gawon da ke gonakinmu na Kangire. Da damina yakan zubar da ganye, gero ya sami rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. A saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna jawo abincin shuka daga iska. Da rani awaki da shanu su ci 'ya'yansa, su bar kashi a inuwarsa. Daga kashin nan wani gawo yake tsirowa.

Bayan farin 1984, manoman Maradi suka koma barin itatuwa a gona, ƙasarsu ta farfaɗo. Wanda ya sare gawo, tuwon gidansa ya rage. Ɗan'uwa, ka yi tunani kafin ka ɗaga gatari.