Don mi ƙwallo ke karya yatsan gola?

Da an gama aikin gona, samarin Agye, Gazawa da Gidan Rumji sai filin ƙwallo. Sau da yawa gola yakan koma gida da kumburarren yatsa. Alhali bisa doka nauyin ƙwallo giram 410 zuwa 450 ne, ko rabin kilo bai kai ba.

To, ina ƙarfin yake fitowa? Daga gudunsa. Nauyi kaɗan in ya haɗu da gudu mai yawa, tsai da shi sai da ƙarfi.

Ku duba magini bisa katanga. In an jefo masa tubali, ba ya sandare hannu. Yakan tarye shi, ya biyo shi kaɗan. Da haka tubalin ke tsayawa sannu sannu, bugun ya ragu.

Haka gola zai yi. Ya buɗe tafuna biyu, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya jawo ƙwallon zuwa ƙirji. In ya miƙa yatsu a sandare, bugun duka kan gaɓa ɗaya zai sauka nan take. Ƙwallon da ya cika gudu kuwa, kada ya ce sai ya kama. Ya ture shi gefe da tafi ko dunƙule.