Tunawa da Iqbal Masih, Yaron da Ya Ɗauki Bashin Gidansu

A garin Muridke, kusa da birnin Lahore na ƙasar Pakistan, aka haifi Iqbal Masih wajen shekarar 1983, a gidan talakawa Kirista waɗanda hannu baka hannu ƙwarya ne zamansu. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka ci bashin Rufi 600 daga wani mai masaƙar darduma, suka jinginar da shi a kan ya yi aiki har kuɗin su biya. Wannan al'ada ita ake kira peshgi a can.

To, bashin nan ba mai biyuwa ba ne. Yaro yakan durƙusa gaban masaƙa awa 12 kullum yana ƙulla zare, wani lokaci ɗaure da sarƙa, alhali ana ɗora masa kuɗin abinci da tarar kowane kuskure. Ga shi kuma gida na ƙara cin wani bashin. Kafin shekara shida kuɗi sun kai Rufi 13,000, wahala da yunwa kuwa suka tsumburar da shi.

A shekarar 1992 Pakistan ta kafa dokar da ta haramta jinginar da mutane, ta kuma soke irin waɗannan basussuka. A shekarar ne Iqbal ya sulale ya halarci taron ƙungiyar 'yantar da ma'aikatan jingina, wato BLLF, wadda Ehsan Ullah Khan ke shugabanta. Nan ya ji cewa ashe doka ta riga ta kwance masa igiya. Ƙungiyar ta sa shi makaranta a Lahore, shi kuwa ya shiga zagaya tarurruka yana faɗakar da yara 'yan'uwansa. A 1994 ya ziyarci Suwidin da Amurka, inda aka ba shi lambar yabo ta Reebok a birnin Boston. Burinsa shi ne ya zama lauya.

Amma kwana ya ƙare. Ran 16 ga Afrilu, 1995, ranar Ista, aka harbe shi yana kan keke tare da danginsa kusa da Muridke, yana da kimanin shekara 12. Ƙungiyarsa ta zargi masu masaƙun darduma, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Pakistan kuwa ta ce wani ɗan ƙodago ne ya aikata.

Jininsa bai zuba a banza ba. Labarinsa ne ya sa wani yaro ɗan Kanada, Craig Kielburger, ya kafa ƙungiyar Free the Children a 1995, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sa wa wata lambar yabo sunansa. A 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 182, ta haramta munanan ayyukan da ake sa yara. Sauran aiki ya rage ga iyaye da hukuma, domin kuwa kayan da ya fi ƙarfin babba ba a aza wa yaro.